Rankin A Majalisar Dattawa: Girmama Manya Ne Ko Sandar Duka?

Jama'a, kakar zaɓe na matsowa, kuma waƙar nan da muka saba ji ta fara dawowa: "A mayar da Sanata, domin idan ya koma zai zama rankin, mu ma a dama da mu." Idan ka tambayi mai wannan magana me Sanatan ya tsinana a shekara huɗu ko takwas da ya yi, sai ya ce maka kai ba ka san siyasa ba. To bari mu buɗe wannan rankin ɗin mu ga abin da ke cikinsa, don ni a ganina an mayar da shi abin tsorata mai zaɓe a gida, kuma abin ladabtar da mai taurin kai a Abuja.

Da farko ga yadda abin yake a rubuce. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha sanata uku, Abuja ɗaya, jimla 109. Sashe na 50 ya ce sanatoci su zaɓi Shugaba da Mataimaki daga cikinsu. Bai ce tsoho ba, bai ce sabo ba. Amma sashe na 60 ya ba majalisa ikon tsara yadda za ta tafiyar da harkokinta, kuma ta wannan ƙofa rankin ya shigo. Dokokin zaman majalisar sun jera sanatoci hawa uku. A sama akwai waɗanda aka sake zaɓa, gwargwadon yawan dawowarsu. Sai waɗanda suka taɓa zama a Majalisar Wakilai. Can ƙasa sai sababbin shiga. An ce da wannan jeri za a yi la'akari wajen fitar da shugabanni, da manyan muƙamai, har da tawagar da za ta wakilci majalisa a waje.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san darajar siniya. A ofis ba a tsallake mutum haka siddan, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Amma mu girmanmu da sharaɗi yake zuwa. Ba ka hawa mataki na gaba don kawai shekaru sun cika. Sai ka zauna jarrabawar ƙarin girma, sai na sama da kai ya cike maka takardar auna aiki ta shekara, sai kuma akwai gurbi. Sannan akwai ƙofar fita: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, ka tattara takardunka ka ba na baya wuri. To ku faɗa mini, wace jarrabawa Sanata yake zaunawa kafin ya zama rankin? Wa yake duba sau nawa ya halarci zama, ƙudiri nawa ya kawo, wace ma'aikata ya titsiye a kan kuɗin jama'a? Babu. Abin da ake ƙirgawa kawai shi ne sau nawa ya samu tikiti ya dawo. Kuma duk mun san yadda ake samun tikiti a ƙasar nan: yardar gwamna, da kuɗin deliget, wani lokaci da hukuncin kotu.

Ba na musun cewa daɗewa tana da amfani. Aikin majalisa sana'a ce da ake koya. Karanta kasafin kuɗi, sanin inda ma'aikatu ke ɓoye abu, sanin dokokin zaure, duk ba a kwana ɗaya ake iya su ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Majalisar da kullum mafi yawanta sababbi ne, kamar yadda tamu take kusan duk bayan shekara huɗu, ɓangaren zartarwa zai riƙa juya ta yadda ya ga dama. Da a ce rankin doka ce da ake bi tsakani da Allah, a kan kowa, da wannan hujjar ta isa a saurare ta. Matsalar ita ce ba haka ake yi ba, kuma tarihin majalisar da kansa shi ne shaida.

A 2015 Ahmad Lawan yana Majalisar Tarayya tun 1999, yana Majalisar Dattawa tun 2007, kuma shi jam'iyyarsa ta APC take so. Bukola Saraki, wanda ya shigo a 2011, shi ya zama Shugaba ranar 9 ga Yuni. Rankin bai hana ba. A wannan shekarar dai PDP ta ɗauko Godswill Akpabio, wanda ko wata uku bai yi da zama Sanata ba, ta naɗa shi Shugaban Marasa Rinjaye, alhali a jam'iyyar akwai waɗanda suka yi zango biyu, uku, har huɗu. Me ya ba shi? Tsohon gwamna ne mai ƙarfi. Nan ma aka naɗe dokar aka ajiye a aljihu.

Sai 2023. Ranar 13 ga Yuni Abdul'aziz Yari, sabon Sanata amma tsohon ɗan Majalisar Wakilai kuma tsohon gwamnan Zamfara, ya kara da Akpabio, wanda fadar shugaban ƙasa da jam'iyya ke goyon baya. Akpabio ya samu ƙuri'a 63, Yari 46. Ba a yi wata huɗu ba, a farkon Oktoba, majalisar ta gyara dokokinta: daga yanzu wanda bai taɓa yin zango a Majalisar Dattawa ba, ba zai nemi kujerar Shugaba ko Mataimaki ba. Ku lura da kyau. A ƙarƙashin jagorancin mutumin da ya hau babban muƙami yana sabon shiga aka rufe wa sababbin shiga ƙofa. Ya hau tsani, ya janye tsanin. Ba ina kare Yari ba ne, ba ruwana da wanda ya ci ko ya faɗi a ranar. Abin da nake cewa, dokar da aka yi ta bayan an sha da ƙyar, kowa ya san don me aka yi ta.

Idan kuma rankin kariya ce ga manya, sai a tambayi Ali Ndume. Yana Majalisar Wakilai tun 2003, yana Majalisar Dattawa tun 2011. A 2017 an cire shi daga Shugaban Masu Rinjaye, aka kuma dakatar da shi. A Yulin 2024, bayan ya fito ya soki gwamnati a kan tsadar rayuwa, aka tuɓe shi daga Mai Tsawatarwa, aka ba Tahir Monguno, wanda zangonsa na farko ke nan a Majalisar Dattawa. Ina rankin ya tafi a ranar? Haka Abdul Ningi, shi ma tsohon hannu ne, amma da ya yi hira da BBC Hausa a Maris ɗin 2024 ya yi zargin akwai sama da naira tiriliyan uku a kasafin kuɗi da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba, dakatarwar wata uku aka yanke masa. Ke nan idan sabo ya ɗaga kai, a ce masa kai yaro ne. Idan tsoho ya buɗe baki, a manta da shekarunsa. Ma'aunin gaskiya a wannan zaure biyayya ce, rankin riga ce kawai da ake sa mata.

A zaman da aka dakatar da Ningi ne wani abu ya fito wanda ya fi damuna. Sanata Jarigbe Agom Jarigbe na Kuros Riba ya miƙe, ana haskawa kai tsaye, ya ce wasu manyan sanatoci an ware musu ayyukan naira miliyan 500 kowanne, shi kuwa duk da yana cikin tsofaffi bai samu ba. Maganarsa ce, ba hukuncin kotu ba, amma zauren ya kaure da hayaniya, kuma duk mai hankali ya ɗauki darasi. Idan ana raba ayyukan mazaɓu bisa daɗewar Sanata, to an raba 'yan ƙasa aji-aji ke nan. Yaron da ke karatu a ƙarƙashin bishiya a mazaɓar sabon Sanata me ya yi? Matar da za ta haihu a asibitin da babu wuta, laifinta ne da mutanen yankinta suka canza wakili? Kuɗin nan na ƙasa ne, ba ladan daɗewa ba ne.

Ku ɗauki Kano ta Kudu. Kabiru Gaya ya wakilce ta daga 2007 zuwa 2023, shekara 16. A 2023 jama'a suka zaɓi Kawu Sumaila. Ko sun yi daidai ko ba su yi ba, wannan haƙƙinsu ne, kuma su za su yi wa kansu hisabi. Amma tsarin da ke cewa duk mazaɓar da ta yi haka ta koma bayan layi, tsari ne da ke cin tarar mai zaɓe don ya yi amfani da ƙuri'arsa. Wanda ke kan kujera kuma an ba shi makami kyauta: ko bai yi komai ba, zai ce ku mayar da ni kada mu yi asarar rankin.

Za a ce ai daga Amurka muka kwaso. Gaskiya ne, can ma akwai shi, har ya fi namu tsari. Suna ƙirga shekarun da mutum ya yi a jere, idan biyu suka shigo rana ɗaya a duba muƙaman da suka riƙe a baya, har a kai ga yawan jama'ar jiharsu. Da shi ake zaɓen ofis da kujera, kuma yana da nauyi sosai wajen shugabancin kwamiti. Wanda ya fi daɗewa a jam'iyya mai rinjaye shi ake ba kujerar shugaban riƙo na majalisar, kamar Chuck Grassley da yake ciki tun 1981. Amma jagoran masu rinjaye, wanda shi ne mai ikon gaske, zaɓensa ake yi. Lyndon Johnson ya zama jagoran 'yan Dimokurat a 1953 yana da shekara huɗu kacal a zauren. Kuma su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Sanatocin kudancin ƙasar, da yake ba a kayar da su a zaɓe, sun daɗe suna riƙe da manyan kwamitoci suna danne dokokin 'yancin baƙar fata. James Eastland ya riƙe kwamitin shari'a daga 1956 zuwa 1978. Strom Thurmond sai da ya cika shekara 100 yana Sanata. 'Yan Rifablikan kuma sun sa wa shugabancin kwamiti wa'adin shekara shida. Mu kuwa mun ɗauko rabin tsarin, mun bar tsayuwa a kan doka, mun bar gyaran da suka yi, mun ƙara da namu son zuciya.

Abin da ya fi ƙarfi a wajena shi ne wannan. Ken Nnamani ya shiga Majalisar Dattawa a 2003, ya zama Shugabanta a 2005, a zangonsa na farko. Shi ya jagoranci zaman da aka binne tazarcen Obasanjo a watan Mayun 2006, bayan an bar kowane Sanata ya tashi ya faɗi matsayinsa 'yan ƙasa na kallo a talabijin. Mutane da yawa har gobe suna ganin wannan ce rana mafi daraja a tarihin majalisar tun 1999. Da dokar Oktoban 2023 tana aiki a lokacin, da Nnamani bai cancanci ko tsayawa ba. Ku yi tunani a kan wannan.

To me nake so? Abu uku, kuma babu mai wuya a ciki. Na ɗaya, a mayar wa sanatoci 109 'yancin da sashe na 50 ya ba su, su zaɓi wanda suka ga ya dace. Idan gogewa tana da daraja, za ta ci zaɓe da kanta ba sai an kulle ƙofa ba. Na biyu, a cire daɗewa kwata-kwata daga rabon ayyukan mazaɓu, a wallafa abin da aka ware wa kowace mazaɓa, kowa ya gani. Na uku, idan za a yi amfani da rankin wajen kwamitoci, a bi shi a kan kowa, na gaban goshi da ɗan bora, a sa wa'adi, a kuma riƙa fitar da rajistar halartar zama da yadda kowa ya kaɗa ƙuri'a.

Kafin su yi wannan, mu namu aikin yana hannunmu. Duk wanda ya zo maka da zancen rankin, ka ce madalla, to a zangon da ya wuce wace doka ya kawo? Ranar da ake maganar tsaro a yankinmu, ya tashi ya yi magana ko yana ƙasar waje? Da aka kawo buƙatar ciyo bashi, me ya ce? Idan akwai amsa, a mayar da shi, daɗewarsa riba ce gare mu. Idan babu, to shekara takwas ta shiru ba za ta zama magana a shekara ta goma sha biyu ba. Tsohuwar zuma ake magani da ita, amma sai in tun asali zuma ce.

Na san akwai 'yan jagaliyar Facebook da za su ce an biya ni. Ku huta, ban ambaci Sanatan mazaɓata ba ma, kuma misalan da na kawo sun taɓa APC sun taɓa PDP. Wanda yake da hujja ya kawo, mu tattauna cikin mutunci, ban da zagi.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ikon zaɓe da ido buɗe.