Ƙishirwar mota da gajiyar birki a hanyoyin Madarumfa

Duk wanda ya saba shiga motar kasuwa daga Maraɗi zuwa Madarumfa, ko ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan Gabi, Safo da Sarkin Yamma, ya san wannan ciwo na mota ko da bai san sunansa ba. Ana cikin tafiya lami lafiya sai a shiga rairayi, direba ya taka totur, mota ta yi tari sau biyu, ta ja numfashi, ta mutu. Fasinja su sauka su nemi inuwa, bayan ɗan lokaci a tayar da ita ta tashi kamar ba ita ba. Makanikai kan ce mai ne ya yanke, wato inji ke jin ƙishirwa alhali kuwa akwai isansi cikin tanki.

Masu tseren motoci a ƙasashen Turai sun daɗe da sanin wannan ciwo, sun kuma kashe masa dukiya mai yawa. Idan mota ta sha kwana da gudu, man da ke cikin tanki yakan tattaru gefe guda, kamar ruwa cikin ƙwarya a kan yarinya mai sauri, sai bakin tiyon da ke zuƙo shi ya zuƙi iska. Maganin da suka samo shi ne su raba cikin tanki ɗaki-ɗaki domin mai ya daina kai-da-komo, su kuma ƙara wata ƴar tukunya mai cin lita 1 ko 2 wadda kullum take cike, inji na sha daga gare ta. Wannan magana ba ta yi nisa da tashar Madarumfa ba. Peugeot 504 ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, kuma irin motar ce aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, ita ce ta yi ta jigilar fatake tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa da Jibiya. Abin da kwana ke yi wa tankin motar tsere, shi gargadar burji ke yi wa tankin motar haya, musamman da yake direbobi da yawa ba su zuba mai sai na zuwa da dawowa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu motoci shi ne a fara neman ciwon daga inda ya fi tsada. Da mota ta yanke mai sai a ce famfo, a sayo sabo. Bayan mako guda a ce kafireta, a kwance ta. Ciwo kuwa yana nan inda yake. An bar jaki ana dukan taiki. Makanikin da ya san aikinsa daga murfin tanki yake farawa. Idan mota ta mutu, a buɗe murfin a saurara: in aka ji tanki ya ja iska da ƙara, to ƴar kafar da yake numfashi da ita ce ƙura ta toshe, famfo na ja, tanki na riƙewa. Tsinke da ɗan tsumma sun isa wannan gyara.

In ba nan ba ne, sai a tsiyayo mai kaɗan daga gindin tanki cikin farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi isansi nauyi, zai kwanta ƙasa, tsatsa da yashi su biyo shi. A nan ya kamata a yi wa masu sayar da mai a kwalabe adalci. Shekaru da dama man Najeriya ne ke tafiyar da motocin wannan yanki, kafin shugaba Tinubu ya janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 farashi ya tashi, kuma tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke ba da nata. Ko daga ina ya fito, da wuya a ce man ne ya taso da datti. A hanya yake kwasarsa, cikin jarkar da ba a wankewa, da mazurarin da ya wuni cikin ƙurar hunturu, da duron da ya kwana a fili cikin damina. Dattin nan shi ke toshe ragar da ke cikin tanki da matacin mai. Inji na samun abin da zai yi guri a tsaye, amma da an nemi ƙarfinsa cikin rairayi sai abin ya gaza. In mota ta tsaya dattin ya saki ragar ya koma ƙasa, shi ya sa take tashi bayan hutu.

Akwai kuma na bazara. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40 a jahar Maraɗi, isansi na iya zama tururi cikin tiyon da ya bi kusa da salansa, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Direbobin da ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma bisa famfo ba camfi suke yi ba, amma gyaran gaskiya shi ne a janye tiyon daga wurin zafi. Motocin zamani marasa kafireta, irin waɗanda ma'aikatan gwamnati suka fi saye, famfonsu na lantarki ne kuma cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi ke sanyaya shi. Mai albashin da ke zuba lita 2 kowace safiya don tattali, ajalin famfonsa yake matsowa da shi. Dabarar nan kuma ta ajiye jarka kusa da ƙafar direba a ja tiyo kai tsaye zuwa inji, takan kai mota gida, sai dai tartsatsi ɗaya ya ishe ta, ga mutane cike a ciki.

Duk da haka, motar da ta yanke mai asarar ranar kasuwa ta jawo. Ta birki ita ce babba, kuma ita aka fi yi wa rowa. Mai karatu na iya cewa ƙasar Madarumfa shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangaren dutsen da zai gajiyar da birki. Lodi ke gajiyar da shi. Aikin birki shi ne ya mayar da gudun mota zafi: in nauyi ya ninka biyu zafin ya ninka biyu, in gudu ya ninka biyu zafin ya ninka huɗu. Motar da aka ƙera domin mutum 7 ko 8, aka ɗora mata fiye da haka, ga buhunan gero da wake a sama, ga direba na tafe ƙafarsa bisa birki saboda ramuka, tana dafa birkinta ne tun kafin jaki ya tsallako hanya. Kuma mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa.

Gajiyar birki iri biyu ce, ƙafar direba kuma na iya rarrabe su. In ya taka ya ji tauri amma mota ba ta tsayawa, takalman birkin ne suka yi zafi har fuskarsu ta yi santsi. In kuwa ya taka ƙafa ta nutse har ƙasa, ruwan birki ne ya tafasa, ko iska ta shiga, ko yana yoyo. Ruwan birki yana shan danshin iska sannu a hankali. Sabo mai lamba DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Amma in ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100, ma'aunin kan sauko zuwa 140 da 155. Saboda haka masu ƙera motoci da yawa ke cewa a zubar da shi duka a sake sabo kowace shekara 2. A gareji da dama ciko kawai ake yi, har mota ta tsufa da ruwan da ta shigo ƙasa da shi. An sha jin waɗanda ke zuba ruwan sabulu a madadinsa, ko su toshe tiyon ƙafa ɗaya da ƙusa in yana yoyo, mota ta ci gaba da ɗaukar mutane da birkin ƙafa uku. Man inji ma bai dace da wurin ba, domin kumbura robobin yake yi.

Masu tsere suna da tsari a nan wanda ya dace da aljihun ɗan kasuwa. Tun da Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1953 da birkin faifai, kowa ya gane cewa wanda ke iya tsayawa a makare shi ke riga isa; amma ko su ba su fara da sayen manyan faifai. Sabon ruwa da fitar da iska ne farko, sannan takalma na kirki, sannan tiyon robar da suka tsattsage, sannan taya, tun da birki ƙafa yake riƙewa, taya ke riƙe ƙasa. Wanda ya ƙarfafa birkin gaba kaɗai ya bar na baya a mace ya yi gyaran gangar Auzinawa, domin ƙafafun gaba za su kafe bisa tsakuwar burji, sitiyari ya daina jin magana.

Na bayan nan, a motoci irin su 504 doguwa da a-kori-kura, mai ganga ne, kuma yashi na shiga cikinsa ya cinye takalmi da gangar baki ɗaya; ya kamata a buɗe a kakkaɓe duk ƙarshen hunturu. Cikin damina kuma, in gulbin Maraɗi ya kawo ruwa ya malale hanyoyin fadama, motar da ta ratsa ruwa takan fito da gangar a jiƙe, birki ba ya kamawa. Sai direba ya yi ƴar tafiya a giya ta ɗaya yana taka shi a hankali har ya ji ya dawo, kafin ya shiga gari inda yara ke wasa a bakin hanya.