RA'AYI: Tsirkiya ɗaya ta ishi Ɗan Maraya, jitar bes nawa za ta ishi ɗan Abuja?

Akwai wani rukunin mazauna Abuja da ba kasafai ake lura da su ba. Da rana ma'aikata ne a Sakatariyar Tarayya, ko a banki, ko a asibiti. Da sun kutsa cunkoson yamma sun isa gida a Kubwa, Lugbe ko Nyanya, sai su jawo wata jita mai dogon wuya da kaurin tsirkiya, su zauna da ita na awa ɗaya kafin barci. Wasunsu kan kaɗa ta a coci ranar Lahadi, wasu a lambunan shaƙatawa inda mawaƙa ke wasa a ƙarshen mako, wasu kuwa bangon ɗakinsu ne kaɗai mai sauraro. Ba da ita suke ci ba, sha'awa ce kurum.

Wannan jita ita ake kira bes, kuma sha'awarta ba abin zargi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wani ciwo da ke kama masu ita, wato ciwon tarawa. Mutumin da ya sayi ta farko bara, bana ya sayi ta biyu, yanzu kuma yana zawarcin ta uku, alhali ko waƙa biyar bai iya kaɗawa daga farko har ƙarshe ba. Dare na yi sai ya duƙufa kan waya yana kallon bidiyon masu gwada Fender da Ibanez, yana lissafin dala, jitar da ya riga ya mallaka kuwa tana jingine a kusurwa tana shan ƙura. A halin da aljihu ke ciki a Najeriya yau, mai sha'awa ya fi dacewa da jita ɗaya mai lafiya wadda ya san ta ciki da waje, ya karkatar da sauran kuɗin wajen kula da ita da koyon ta.

Aikin bes a cikin kiɗa shi ne riƙe gindin sauti. Yawanci tsirkiya huɗu gare ta, kuma mafi kaurinsu tana girgiza kusan sau 41 ne kawai a daƙiƙa ɗaya, sautin da ƙirji ke ji kafin kunne ya tantance shi. Leo Fender ne ya fara ƙera ta da yawa don kasuwa a Kalifoniya ta Amurka, inda ya fito da Precision Bass a 1951, sannan Jazz Bass mai siririn wuya a 1960. A 1976 kamfanin Music Man ya kawo StingRay, mai ɗauke da batir a cikinta domin ƙarfafa sauti. Galibin jitocin bes da ke rataye a shagunan Wuse ko kasuwar Alaba ta Legas jikokin waɗannan ukun ne ta fuskar ƙira, ko da wane suna aka rubuta musu a ka.

Ba a ƙera ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan sunaye a Najeriya, don haka farashinsu na bin dala sau da ƙafa. Jitar masu koyo daga Squier, Yamaha ko Ibanez takan kama tsakanin dala 200 zuwa 300 a can inda ake sayar da ita. A ɗauki ta dala 250. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yunin 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin gwamnati, kuɗinta bai wuce naira 115,000 ba. Da dala ta kai naira 1,500 a 2024, jitar nan dai ta koma naira 375,000, tun ba a saka kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato albashin fiye da wata biyar ke nan a kan jitar ɗan koyo. Fender ƙirar Amurka kuwa ta haura dala 1,000 nesa ba kusa ba. Magidancin da ke biyan hayar Abuja da kuɗin makarantar yara, in ya ajiye irin wannan guda uku a ɗaki, daga bakin wani ya cire.

Sai kuma batun kwatantawa, wanda shi ne ƙugiyar da ke kama mutane. Lasifikar wayar hannu ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya fitar da sauti mai zurfin da bes ke yi. Mai sauraron gwajin jita biyu a waya ƙarar saman sautin kawai yake ji, asalin muryar ba ta iso shi ba. Wanda ya yi bidiyon kuma ƙwararre ne, ya bi da sautin ta na'urorin situdiyo masu tsada, kuma sau da yawa kamfani ne ya aiko masa da kayan. Abin da mai kallo ke sha'awa a bidiyon yatsun mai kaɗawar ne, shi kuwa yatsa ba a sayar da shi a shago.

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma yanzu ana tura dubban ɗaruruwan naira a kan hoton da aka gani a Jiji ko Instagram. Jabun jita mai tambarin Fender ko Music Man ba baƙon abu ba ne a kasuwannin duniya, kuma manna tambari a kan katako aikin minti kaɗan ne. Fender na gaskiya galibi daga Corona ta Kalifoniya ko Ensenada ta Meziko ko Japan take fitowa, Squier kuma yawanci daga Indonesiya da Sin, kuma kamfanin na da shafin da ake duba lambar jikin kaya. Mai saye ya riƙe jitar da hannunsa, ya hango wuyanta daga ka zuwa gindi ya ga ko ya murɗe, ya danna kowace gaɓa ya ji ko tana zuza, ya juya maɓallan sauti ya ji ko suna ƙarar tsatsa. Ya rataya ta minti goma a tsaye, domin nauyin kilo huɗu a kafaɗa ba ya bayyana a hoto. In bai san kan abin ba, ya tafi da wanda ya sani, da ɗan gari akan ci gari. Jitar hannu da aka duba haka ta fi sabuwa fil da aka saya a makance.

Akwai abin da masu bidiyon Turai da Amurka ba za su gaya wa ɗan Abuja ba, shi ne hunturu. Jita katako ce, katako kuwa yana shan danshi yana kumbura, yana rasa shi yana tsukewa. Masu ƙera kayan kiɗa sun fi son danshin iska ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A Abuja damina kan jiƙa iska daga Afrilu zuwa Oktoba, sannan iskar hunturu ta zo daga Disamba ta busar da komai ƙarƙaf. Sai wuyan jita ya lanƙwashe, bakin ƙarafan da aka gitta a jikinsa ya fito yana yankar hannu, tsirkiya ta yi nisa da katako har dannawa ta zama aiki. Da yawan masu cewa jitarsu ta lalace, su shiga neman wata, abin da take buƙata bai wuce a juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyanta kaɗan ba, a daidaita tsayin tsirkiya. Jita ɗaya na neman wannan gyara kamar sau biyu a shekara. Mai guda huɗu ya ɗora wa kansa hidima huɗu, ga tsirkiyoyi da ke tsatsa ko ana kaɗawa ko ba a kaɗawa, su ma kuma da dala ake shigo da su.

Bayan haka, bes ba ta da murya sai da amfilifaya. Jita mai tsada da aka jona wa lasifikar da ta gaji, sautin gajiya za ta bayar. Ƙaramar amfilifaya mai ƙarfin wat 15 zuwa 25 ta isa gwaji a ɗaki, amma mai son shiga tsakanin ganguna sai ya nemi wat 100 ko fiye. Ga wutar lantarki mai hawa da sauka, ga janareta, waɗanda kan ƙona na'ura a dare ɗaya in babu sitabilaiza. Kuɗin jita ta biyu ya ishi mutum sayen amfilifaya mai kyau da abin kare ta, har ya rage na biyan malami.

Masu tarawa suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa kowace jita da muryarta, kuma gaskiya ne Precision ba ta yin zaƙin Jazz Bass. Suna cewa waƙoƙin coci na zamani na neman bes mai tsirkiya biyar, wadda ke sauka ƙasa da ta huɗu, wannan ma haka yake. Amsar ita ce mutum ya san irin kiɗan da yake yi tun kafin ya saya: mai wasa a coci ya fara da mai biyar ya huta. Wasu kuma na cewa jita ajiya ce da ke kare kuɗi daga faɗuwar naira. Wannan ya tabbata ga tsofaffin Fender na shekarun 1960 da attajiran duniya ke rububi, amma jitar ɗan koyo da ta sha hunturu uku a Gwarimpa, ranar da mai ita ya matsu ya kai ta kasuwa, abin da aka taya shi zai karɓa. Wanda Allah ya hore wa, iyalinsa kuma ba su rasa komai ba, babu mai hana shi tara jita kamar yadda wani ke tara dawaki ko tantabaru. Sai dai ya san tarawa yake yi, kada ya ɗauka ƙwarewa yake ƙarawa.

Tarihin kiɗa na bayan mai jita ɗaya. James Jamerson, wanda bes ɗinsa ke ƙarƙashin ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a Amurka, ya yi mafi yawan aikinsa da Precision guda ta 1962, ba ya ma son canza mata tsirkiya. Paul McCartney ya sayi Höfner a Hambog ta Jamus a 1961 kan kusan fam 30, saboda kuɗinsa bai kai na Fender ba, da ita kuma Beatles suka fara cin duniya. Richard Bona na Kamaru da Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar duk sun fara ne da jitar da suka harhaɗa da hannunsu, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya.

A gida ma ba sai an je nesa ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shafe rayuwarsa da kuntigi, gwangwani da fatar akuya da tsirkiya guda, kuma da shi ya zaga duniya. Haruna Uji da gurminsa aka san shi. Babu wanda ya taɓa tambayar kuntigi nawa Ɗan Maraya ya mallaka, abin da ya fito daga guda ɗayan shi ake tunawa.

Wannan magana ta wuce aljihun mutum ɗaya. A zamanin Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna, waƙar Hausa ta zamani na tafiya ne da mutane masu rai a kan jita da ƙaho da ganga. Yau mafi yawan waƙoƙin da ke fitowa daga situdiyoyin Kano da Kaduna fiyano da kwamfuta ne ke yin komai, har da layin bes. Inda kiɗan hannu ya fi rayuwa da harshen Hausa shi ne waƙoƙin coci irin na Panam Percy Paul, Solomon Lange da Jeremiah Gyang, da kuma ƙungiyoyin Yamai irin su Tal National. In ana son matashin mawaƙi ya hau dandamali a Abuja da makaɗa na gaske a bayansa, sai an samu yatsun da suka san yadda bes za ta zauna da kalangu ba tare da ta take shi ba. Irin wannan sani daga zama da jita ɗaya shekara da shekaru yake zuwa.

Saboda haka mai jita uku a ɗaki ya zaɓi wadda hannunsa ya fi sabawa da ita, ya kai ta a daidaita mata wuya kafin hunturu ya kankama. Ta biyu ya sayar ya biya malami. Ta uku kuwa, a cocinsu ko a unguwarsu ba za a rasa yaron da ke kallon masu kiɗa da kwaɗayi ba, wanda albashin mahaifinsa na wata biyar ba zai saya masa irinta ba. Ya ara masa, ya ce ya dawo bayan wata shida ya kaɗa masa abin da ya koya.