A Bar Wa Abuja Inuwarta

Duk ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Ikko, ko Sabon Ibadan, ko Anacha, ba ya bukatar a gaya masa wahalar gari marar inuwa. Ya san ɗaki ɗaya na mutum shida, ya san zafin kwanon rufi da tsakar rana, ya ga yara suna wasa a bakin kwata saboda babu fili. A garinsu kuwa ya baro dandali da gindin durumi, inda dattawa ke hira, yara ke karatun allo.

Irin wannan cunkoso na Ikko yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta kafa sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976. Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta keɓe kwazazzabai da bakin rafuka da gindin duwatsu, ta ce kada a yi gini a kansu, a bar su lambuna da wuraren shan iska. Hikimar a fili take. Itace yana rage zafin rana, yana tare ƙura lokacin hunturu. Ƙasar da ba a shafe da siminti ba tana shanye ruwan sama. Mai hawan jini yana samun wurin tattaki, mai damuwa kuma hankalinsa ya kwanta.

An cika wani ɓangare na alkawarin. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003, yakan cika maƙil da iyalai ranar Sallah. Haka ma bakin tafkin Jabi.

Amma abin takaici, tun bayan da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, filayen nan suka zama abin wawaso. An yanka wasu an yi fuloti, wasu an kewaye su an mai da su mashaya. Rusau ɗin da aka yi zamanin minista Nasiru el-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, ya ƙwato wasu, amma kwaɗayin bai mutu ba. Ambaliyar da ta ci gidaje a Lugbe a daminar 2023 ta tuna wa kowa cewa ruwa ba ya manta hanyarsa.

Babban rashin adalcin shi ne, lebura da direba da mai gadi, waɗanda guminsu ya gina birnin, suna kwana a Nyanya da Karu da Mararaba, inda inuwa ta yi ƙaranci, alhali su suka fi bukatarta. Mai kuɗi yana da lambu a bayan gidansa. Talaka ba shi da shi sai na hukuma.

Saboda haka wajibi ne hukumar birnin tarayya ta bayyana wa jama'a jerin filayen da taswira ta keɓe, ta soke duk takardar da aka bayar a kansu, ta kuma buɗe lambuna kyauta a unguwannin talakawa. Su ma sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da nasu aikin: dalbejiya ɗaya a ƙofar kowane masallaci da kowace makarantar allo ba ta fi ƙarfinsu ba.

An bar Ikko ne don a sami wurin numfashi. Idan aka sayar da inuwar Abuja, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Allah Ya sa masu iko su ji.