A Bar Mai Kwamfuta Ya Ajiye Zirinsa Inda Yake So

Tun 1995 da Microsoft ta fito da Windows 95, zirin nan da ke kwance a ƙasan allo, mai ɗauke da maɓallin Start da agogo, ya zama ɗan gida. Wanda bai so shi a ƙasa ba, sai ya ja shi ya kai sama ko gefe. Haka aka saba har shekara 26. Da Windows 11 ta iso a Oktoban 2021, sai aka wayi gari an kafe zirin a ƙasa, an kuma kwashe tambarin manhajoji an jera a tsakiya.

Wannan kuskure ne, kuma lissafi kaɗai ya isa shaida. Yawancin kwamfutocin cinya na gwanjo da ɗalibai da masu shagon buga takardu ke saye, allonsu ɗigo 1366 ne a faɗi, 768 a tsaye. Zirin Windows 11 yana cin 48 daga tsayin, wato kashi ɗaya cikin 16, alhali takarda da shafin intanet daga sama zuwa ƙasa ake karanta su. Fili yana gefe, ba mai amfani da shi. Ubuntu, wani tsarin kwamfuta irin Windows, ta gane haka a 2011 da ta ɗora nata zirin a hagu, sai dai ita ma ta yi taurin kai: sai 2016 ta yarda a sauko da shi ƙasa.

Batun tsakiya ma ba na ado ba ne kawai. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya nuna cewa abu ƙarami mai nisa ya fi wuyar kai wa hannu. Kusurwar allo kuwa ba ta ɓata: a wurga kibiyar linzami da ƙarfi, can za ta tsaya. Maɓallin Start da ke tsakiya yana matsawa duk lokacin da aka buɗe sabuwar manhaja, dole ido ya nemo shi kafin hannu ya bi. An dai bar damar mayar da shi hagu, madalla da wannan.

Masu son allo fes sukan ce ziri ya riƙa ɓuya. Apple ta ba da wannan zaɓi a nata zirin mai suna Dock, kuma yana da amfani ga mai gyaran hoto. Amma zirin da ke ɓuya yana leƙowa bisa ra'ayin kansa, kamar yaron shago ne da ba a sanin inda yake sai ciniki ya wuce. Ubuntu ta gwada wanda ke kauce wa taga idan ta matso, ta cire shi a 2012 saboda yana rikita sababbin shiga.

Taga kuma idan ta cika allo, ta tsaya a bakin ziri, kada ta shige ƙarƙashinsa har maɓallin ajiye aiki ya ɓoye. Game da kafe ziri a ƙasa kuwa, Microsoft ta riga ta nuna ana iya ja da baya: a 2022 ta dawo da damar jan fayil a sake shi kan ziri, bayan shekara guda mutane suna ƙorafi.