Damben Manya: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya saba zama a majalisun matasa a Jega, Aliero ko Maiyama, ko kuma a teburin mai shayi a Birnin Malam, ya san cewa in an ɗebe siyasa da ƙwallon ƙafa, da wuya a sami zancen da ke ta da jijiyar wuya kamar na damben zamani ajin masu nauyi. Musun kuwa kusan kullum guda ne: wa ke gudun wa? Magoya bayan Anthony Joshua, ɗan asalin Sagamu ta Jihar Ogun wanda ke dambe da sunan Birtaniya, sun haƙiƙance cewa Tyson Fury da Deontay Wilder ne suka riƙa zille masa. Masu adawa da shi kuma suna rantsuwa cewa shi ne matsoracin, hujjarsu ita ce bai koma ya ɗauki fansar kayen da Daniel Dubois ya yi masa a Wembley cikin Satumbar 2024 ba.

A ganin wannan jarida, ɓangarorin biyu duk sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ya hana waɗannan gwaraza haɗuwa a lokacin da duniya ke ɗokin ganinsu ya fi kama da lalacewar tsari fiye da tsoro, kuma akwai darasi a ciki ga namu damben na gida.

Mu fara da zargin tsoron kansa. A watan Yunin 2019 Andy Ruiz ya kayar da Joshua a birnin New York a turmi na bakwai, ya kwashe kambunansa uku. Wata shida bayan haka Joshua ya sake tunkararsa a Saudiyya ya karɓe kayansa. Da Oleksandr Usyk na Yukren ya doke shi a Landan a 2021, ya sake bin sa har Jidda a 2022, duk da cewa a nan ma bai yi nasara ba. Shi ma Wilder, bayan ya sha kashi a hannun Fury a Fabrairun 2020, sai da ya yi shari'a don a ba shi damar komawa gaban mutumin da ya jibge shi. Fury kuwa a karonsu na farko a 2018 ya faɗi warwas a turmi na 12, ya miƙe ya ƙarasa wasan aka tashi canjaras. Kowane irin aibu za a laƙaba wa waɗannan mutane, adalci bai yarda a kira su ragwaye ba.

To, me ya hana su haɗuwa? A 2018 Joshua na riƙe da kambun WBA da IBF da WBO, Wilder na riƙe da na WBC, kuma babu wanda aka taɓa kayarwa a cikinsu. Ɓangaren Wilder ya yi tayin Dala miliyan 50, aka shafe watanni ana ja-in-ja a kan rabon kuɗi da ƙasar da za a yi wasan, har magana ta watse. A 2021 an kai ga sanya rana a watan Agusta domin Joshua da Fury su kara a Saudiyya, sai mai sasanci a Amurka ya yanke hukunci a watan Mayu cewa yarjejeniyar da Fury ya sa wa hannu ta wajabta masa karo na uku da Wilder. Nan take wancan shiri ya rushe. A farkon 2023 ma Usyk ya amince ya karɓi kashi 30 cikin 100 ya bar wa Fury kashi 70, amma zancen ya tsinke a kan yadda za a raba kuɗin karo na biyu, alhali ko na farkon ba a yi ba. Da aka samu suka haɗu a Riyad cikin Mayun 2024, Usyk ya zama mutum na farko da ya tattara dukkan kambunan ajin tun bayan Lennox Lewis a 1999, amma makonni kaɗan bayan nan ya saki kambun IBF, domin sharaɗin sake karawa da Fury ya hana shi fuskantar wanda hukumar ta ce shi ne a kan layi.

Mai karatu zai lura cewa a duk waɗannan lokuta abin da ya yi tasiri shi ne takarda da lauya da lissafin riba. Damben duniya ba shi da uwa guda kamar yadda ƙwallon ƙafa ke da FIFA. Hukumomi huɗu ne, kowacce da kambunta da jerin gwanayenta, kowacce kuma tana yankar kasonta daga ladan 'yan wasa. A gefe ga dillalan dambe da gidajen talabijin, waɗanda zakaran da ba a taɓa kayarwa ba jari ne a wurinsu, ba su kuma son kai shi inda zai karye sai farashi ya kai maƙura. Sharaɗin sake karawa, wanda asalinsa don adalci aka kawo shi, ya koma garkuwar da mai kambu ke fakewa da ita: in ya faɗi yana da damar ramuwa, sauran masu jiran layi kuwa su yi ta jira. Sakamakon haka shi ne har shekarar 2025 ta ƙare Joshua bai haɗu da Fury ko Wilder ba, kuma a lokacin babu ko ɗaya cikin ukun da ke riƙe da kambun duniya.

Ba muna cewa 'yan damben ba su da nasu laifin ba ne. Tarihi bai manta da Riddick Bowe ba, wanda a Disambar 1992 ya jefa kambun WBC cikin kwandon shara a gaban 'yan jarida maimakon ya fuskanci Lewis. Haka kuma Fury ya zaɓi karawa da Francis Ngannou na Kamaru a 2023, mutumin da bai taɓa damben ƙwararru ba kafin ranar, shi kuma Joshua ya kara da Jake Paul, wanda ya yi suna ta YouTube, a Disambar 2025. Sai dai tambayar ita ce: wa ya ba su ikon zaɓe? Inda doka ta bar ɗan wasa ya zaɓi abokin karawarsa, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki mai sauƙi mai tsoka. Muhammad Ali da Joe Frazier sun gwabza sau uku tsakanin 1971 da 1975, shi ya sa har yau babu mai musu a kan ko wani ya guji wani a cikinsu.

Abin da ya fi damun mu shi ne damben gargajiya, wanda Jihar Kebbi na cikin cibiyoyinsa, yana kuma cikin wasannin da ake nunawa a bikin kamun kifi na Argungu. A al'adance damben kaka ba ya buƙatar lauya. Makaɗi ya saki kalangu, ɗan dambe ya yi kirari ya fito fili ya nuna wanda yake so, jama'a na kallo. Wanda ya noƙe, kowa ya gani, kuma kunyar za ta bi shi har gida. Sunan da Shago ya bari, wanda Ɗan Anace ya dawwamar a waƙa, ya samu ne domin ya tsaya gaban manyan zamaninsa irin su Ɗan Dunawa. Amma yau dambe ya zama sana'a. Ana sa mota da babur a gasa, ana yaɗa wasanni ta intanet ga 'yan kallo a ƙasashen duniya, kamfanoni kuma sun fara ƙulla yarjejeniya da 'yan wasa. Wannan ci gaba ne da muke maraba da shi, domin ɗan damben da ya ba da jininsa ya cancanci ya ci guminsa. Sai dai ta wannan ƙofa ce cutar ta shiga damben Turawa, kuma Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba sai mun tsallaka teku neman abin koyi ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun kafa gasar kokawa ta takobin ƙasa tun 1975 a Tawa. Jihohi takwas ne ke kawo 'yan kokawarsu, takobi ɗaya ne, kuma babu wanda ke zaɓen wanda zai kama. Shi ya sa da Issaka Issaka na Dosso, jihar da ke iyaka da Kebbi, ya ɗauki takobin sau da dama, babu wanda ya iya cewa ta bayan gida ya bi.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Matasa da Wasanni ta Jihar Kebbi, da ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama, da sarakunan dambe na ɓangarorin Kudu, Arewa da Guramada, su zauna su fito da rubutacciyar ƙa'ida tun kafin kuɗi su fi ƙarfin al'ada. Ya kamata kambu ya zama guda a kowane aji, kuma a sanya wa mai riƙe da shi wa'adin da dole ya kare shi a gaban wanda ya fi cancanta, in ya ƙi a karɓe. Damben ramuwa kada ya wuce sau ɗaya, shi ma sai inda aka rabu babu kisa ko aka sami taƙaddama a kan hukuncin alƙali. A yanke ladan kowa kafin a naɗa zare, a damƙa kuɗin a hannun amintacce. Sannan a tanadi ma'aikacin lafiya a kowane fili, a kuma wajabta hutu ga wanda ya sha mummunan kaye, domin kada gorin 'yan kallo ya tura shi komawa fage da rauni a ka.

Su kuma masu musu a majalisa, muna ba su shawara su sassauta wajen jifan mutum da kalmar tsoro, musamman wanda ya sa ransa a gaban naushi domin nishaɗinsu. Duk lokacin da wani babban dambe ya ci tura, a fara tambayar wa ya rubuta yarjejeniyar, wa kuma zai ci ribar jinkirin. Hukumominmu kuwa su sani cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne lokacin gyara.