Mai Gadin Lambu Da Ciwon Kaɗaici

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a ƙasar Kura da Kadawa da Garun Malam. Har ya zama ɗan kasuwa ko akawu yana zaune a birnin Kano, lambunsa na tumatir ko albasa yana can bakin ruwa. Wanda ke riƙe da lambun kuwa sau da yawa mutum guda ne, ɗan cin rani, wanda aka kafa wa bukkar kara aka ce ya tsare injin ban ruwa da amfani, dare da rana.

To, mai lambu ba ya mance man inji, ba ya mance taki. Abin da yakan mance shi ne mutumin nan yana da zuciya, ita ma tana ciwo.

Da can ba haka noma yake ba. A gandu uba da 'ya'ya da ƙanne ke jere a kunya, ranar gayya ga kiɗa ga fura, da dare kuma a haɗu a dandali. Amma mai gadi sai ya yi wata uku cikin hunturu ba abokin hira sai ƙugin inji. Ga tsoron ɓarayi, ga fargaban shanu su faɗa lambu a ce shi zai biya, ga tunanin iyalin da ya baro. Sannu a hankali barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya daina wanka, in an yi masa magana ko ya yi shiru ko ya hau faɗa. Sai maigida ya ce yaron ya lalace. Ba lalaci ba ne, ciwo ne, likitoci sun san shi. Waɗansu don su kashe kewa sai su kama shan ƙwayar tiramol, daga nan kuwa ba mutum, ba lambu.

Maganin farko ba ya cin kuɗi: zumunta a ƙafa take. Lalle mai lambu ya riƙa zuwa da kansa, ko sau ɗaya a mako, kuma kafin ya tambayi tumatir ya zauna a inuwa ya ce, "Malam, yaya sanyi? Ka ji labarin gida?" Ya bar shi ya yi magana. Ranar Jumma'a a sami mai riƙe masa, ya tafi masallaci, ya shiga kasuwa, ya ga mutane. Katin waya da ɗan rediyo ba su kai kuɗin kwandon tumatir guda ba. Lada kuma a biya a kan kari, gama ba abin da ke hana ɗan cin rani barci kamar a aiko daga gida ba shi da abin aikawa.

Wani zai ce ba shi da halin ɗaukar masu gadi biyu. Gaskiya ne. Amma maƙwabtan lambu uku suna iya kafa bukkokinsu wuri ɗaya, masu gadinsu su ci tare, su yi tsaron dare bi da bi.

In abin ya yi nisa, watau mutum ya fara zancen gara mutuwa, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, kada a kore shi, kada kuma a ɗaure shi. A sanar da danginsa, a kai shi asibiti. Akwai na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato. Kafin nan kada a bar shi shi kaɗai, maganin feshin ƙwari kuma a kwashe shi daga bukkarsa tun ran nan, a kulle a gida.