Sharhi: Gwamnati na barin takarda, amma wa ke gadin ƙofar rumbun fayil-fayil?

A watan Fabrairun 2024, ofishin Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ta lokacin, Dokta Folasade Yemi-Esan, ya aike wa manyan sakatarori takardar gargaɗi kan yadda takardun sirri na hukuma ke sulalewa suna yawo a kafofin sada zumunta. Maganin da aka ba da shi ne a gaggauta mayar da fayil-fayil cikin na'ura, domin a rage hannayen da ke taɓa takarda. Magajiyarta, Misis Didi Esther Walson-Jack, wadda ta kama aiki a watan Agustan shekarar, ta ƙara wa batun wuta da ta sanya 31 ga Disamban 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da aikin takarda.

Manufar tana da kyau. Duk wanda ya taɓa bin sawun fayil ɗinsa na ƙarin girma ko na fansho daga wannan tebur zuwa wancan, har aka ce masa ya ɓata, ba zai yi kewar tsohon tsari ba. Sai dai tsohon tsarin yana da wani abu da ba a cika lura da shi ba. Fayil ɗin takarda yana zaune ne a ɗaki guda, a bayan ƙofa mai kwaɗo, a hannun akawun rajista da ya san fuskar kowa. Idan masinja zai ɗauka, sai ya sa hannu a littafi. Wanda ke son satarsa dole ya tako da ƙafarsa, ya wuce maigadi, ko ya sayi wani na ciki. Da zarar fayil ɗin ya koma cikin uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai tana raba wa sauran, kuma aka buɗe hanya domin darakta ya duba shi daga gida ko daga ofishin shiyya a Bauchi, to ƙofar nan ta koma bakin titin da duniya duka ke bi. Mai ƙwanƙwasa ta na iya kasancewa a kowace ƙasa, kuma galibi ma ba mutum ba ne, manhaja ce da aka saki tana zagaye dare da rana tana gwada kowace ƙofa. Masu kula da irin waɗannan na'urori sun san cewa sabuwar uwar garke ba ta kwana a intanet ba tare da an fara gwada shigarta da kalmomin sirri na kirdado ba.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowace ma'aikata da ta ce ta bar takarda ita ce: yaya aka gina ƙofar, kuma wa ke riƙe da makullanta?

Hanyoyin aika fayil tsakanin kwamfutoci sun girmi yawancin ma'aikatan da ke amfani da su. Tsarin FTP ya samo asali tun 1971, a zamanin da kwamfutocin da ke haɗe da juna ba su da yawa, masu su kuma sun san juna. Yana tura sunan mai shiga da kalmar sirrinsa a fili, tamkar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba, kowa a hanya zai iya karantawa. A 1995 wani mai bincike a jami'ar fasaha ta Helsinki da ke Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH bayan an kai wa jami'arsu harin tsintar kalmomin sirri. SSH yana juya duk abin da ke wucewa tsakanin ma'aikaci da uwar garke zuwa rubutun da babu mai gane shi sai ɓangarorin biyu, kuma a kansa aka ɗora SFTP, hanyar aika fayil da ta maye gurbin tsohuwar. Manhajar kyauta ce. Ofishin da har yau yake amfani da tsohon FTP ba rashin kuɗi ne ya hana shi sauyawa ba.

Babbar fa'idar SSH ga mai kula da na'ura ita ce ana iya kashe shiga da kalmar sirri baki ɗaya, a koma ga makulli mai tagwaye. Ɗaya ana ajiye shi a uwar garke, kuma ko an gan shi babu illa. Ɗayan yana zaune a kwamfutar mai shi, ba ya fita ko'ina. Ƙofa ba ta buɗewa sai tagwayen sun dace da juna. Da wannan kaɗai, dubban masu kirdadon kalmar sirri sun tashi a tutar babu. Ana kuma hana asusun babban mai iko shiga kai tsaye daga waje, sannan a killace kowane mai shiga a cikin aljihunsa, ta yadda jami'in sashen albashi ba zai leƙa fayil ɗin sashen kwangila ba.

Ga yawancin ma'aikata kuwa, waɗanda ba ruwansu da SSH, abin da suka sani shi ne babban aljihun ofis da suke gani a kwamfutarsu ta Windows. Wannan yana aiki ne da tsarin SMB ta ƙofa mai lamba 445, kuma an yi shi ne domin cikin gida. Darasin buɗe shi ga intanet an biya shi da tsada. A ranar 12 ga Mayun 2017, muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a wannan tsari ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka facin ba.

Daga nan aka ƙara riƙe ƙa'idar cewa aljihun ofis ba ya fuskantar titi. Wanda ke waje sai ya fara shiga ta VPN, wata ɓoyayyar hanya da ke kai shi cikin gidan, sannan ya ga aljihun. To amma ita ma hanyar tana da ƙofa, kuma a nan ne labarin da ya fi dacewa da ma'aikatunmu ya faru. A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, wanda bututunsa ke ɗaukar kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha, ya tsayar da aiki na kwanaki, gidajen mai suka cika da layi, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Da shugabansa Joseph Blount ya bayyana gaban Majalisar Dattawan ƙasar, sai ta tabbata cewa maharan sun shiga ne ta wani tsohon asusun VPN da kalmar sirri guda ɗaya, ba tare da mataki na biyu na tantancewa ba. Asusun ba a amfani da shi, amma ba a rufe shi ba. Shekara uku bayan haka, a 2024, irin wannan sakaci na rashin mataki na biyu ya durƙusar da Change Healthcare, kamfanin da ke sarrafa biyan kuɗin magani a Amurka, aka biya fansar dala miliyan 22.

Mai karatu ya kwatanta wannan da yadda aikin gwamnati yake a nan. Ana sauya wa ma'aikata wurin aiki a kai a kai. Wasu na ritaya, wasu na rasuwa. 'Yan bautar ƙasa na zuwa su yi shekara guda su tafi, kuma sau da yawa su ake damƙa wa kwamfutar ofis saboda sun fi iya ta. Ɗan kwangilar da ya kafa na'urar yakan bar wa kansa hanyar shiga domin gyara, kwangilar ta ƙare, hanyar na nan. Akwai kuma shugaban da ke ba sakatarensa kalmar sirrinsa domin ya sa masa hannu a kan fayil, abin da ke rusa amfanin littafin shiga da fita na na'ura, domin littafin zai nuna sunan maigida alhali yatsun wani ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan makulli ne da ke yawo a gari. A tsohon tsari, wanda ya yi ritaya yakan miƙa makullin ofis kafin a sallame shi. A sabon tsari, ya kamata rufe asusunsa ya shiga cikin takardar sallamar, a kuma yi shi a ranar.

Mataki na biyu na tantancewa shi ne abu mafi arha da ya fi toshe ɓarna. Amma ba duka ne ɗaya ba. Lambar da ake turowa ta saƙon tes ta fi babu, sai dai a ƙasar da aka san 'yan damfara da sace layin waya su kwashe kuɗin banki, bai kamata fayil ɗin sirri ya dogara da ita ba. Manhajar da ke samar da lamba a cikin wayar kanta, ko ɗan makullin ƙarfe da ake soka wa kwamfuta, sun fi aminci.

Ko an yi duk wannan, akwai ranar da ɓarakar za ta fito daga manhajar da aka saya da sunan tsaro. A ƙarshen Mayun 2023 gungun masu kutse na Cl0p suka yi amfani da wani lahani da ba a sani ba a MOVEit, manhajar da manyan kamfanoni da hukumomi ke aika fayil da ita, suka kwashe bayanan ƙungiyoyi sama da 2,000, ciki har da na ma'aikatan BBC da British Airways ta hannun kamfanin da ke shirya musu albashi. Babu facin da za a ce an yi sakaci da shi a kwanakin farko. Abin da ya bambanta wanda ya yi babbar asara da wanda ya yi ƙarama shi ne yawan abin da aka bari a kan na'urar. Uwar garken aika fayil tasha ce, kaya su sauka a kwashe. Wanda ya mai da ita sito, ranar da ɓarawo ya shigo zai tarar da na shekaru. Haka ma mahaɗin da ake tura wa wani domin ya sauke takarda: ya kasance yana da kalmar sirri da ranar mutuwa.

Sai kuma batun da kowa ya sani amma ba a son faɗa a taro. Babbar hanyar raba takardun ofis a Najeriya a yau ita ce WhatsApp, sai adireshin imel na ƙashin kai. Ana ɗaukar hoton takarda da waya, a tura wa zauren ma'aikata, daga nan kuma sai inda hali ya yi. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, gargaɗi ma ba a fasa ba, amma ma'aikacin da maigidansa ke jiran takarda kafin ƙarfe huɗu, ga shi shafin hukuma ya ƙi buɗewa ko wutar lantarki ta ɗauke, zai bi hanyar da ta fi sauri. A ganin wannan sharhi, tsarin da ya yi wa ma'aikaci wahala ya riga ya faɗi a fannin tsaro, komai ƙarfin kwaɗonsa. Dole hanyar hukuma ta buɗe a wayar hannu, ta yi aiki ko da intanet mai rauni ne, in ba haka ba fayil zai ci gaba da fita ta taga.

Doka dai ta riga ta ɗora nauyin. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya ɗauki matakan tsare su, ya kuma sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu su. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Wa'adin sa'o'i 72 yana da wata ma'ana da ba a cika tsayawa a kanta ba: ba za ka iya ba da rahoton abin da ba ka gani ba. Ofishin da ba ya ajiye tarihin wanda ya shiga, da abin da ya sauke, da lokacin da ya yi, kuma babu mai duba tarihin, zai ji labarin satar ne daga bakin 'yan jarida. Kutsen da aka yi wa shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a watan Disamban 2024, wanda hukumar da kanta ta sanar, ya isa ya nuna cewa hukumomin tarayya na cikin jerin wuraren da ake hari.

Inda za a ajiye na'urar ma magana ce. Ƙa'idojin hukumar NITDA na 2013 sun nemi a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, kuma kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone, da aka kafa a 2006, yana da cibiyoyin ajiya a Abuja da Kano. Katsewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a ranar 14 ga Maris na 2024, da ta jijjiga bankuna da kamfanonin sadarwa a yammacin Afirka, ta ƙarfafa hujjar masu wannan ra'ayi. Tara ma'aikatu a rumbu guda mai ƙwararrun masu gadi ya fi kowace hukuma ta ajiye tata na'urar a wani lungu kusa da janareta, kodayake rumbu guda idan ya samu matsala kowa ya samu. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne kwafin ajiya: kwafi uku, a ma'adanai iri biyu, ɗaya a wani gari dabam kuma a yanke da intanet, domin masu neman fansa sukan fara da lalata kwafin da suka iya kaiwa gare shi. Kuma a riƙa gwada dawo da shi, don an sha tarar da kwafin wofi a ranar buƙata.

Kusan duk abin da aka ambata a nan aikin yau da gobe ne: saka faci, rufe asusun wanda ya tafi, duba tarihin shiga, gwada kwafi, horar da sabon ma'aikaci. Tsarin kasafin kuɗinmu kuwa ya fi sauƙin amincewa da sayen na'ura da bikin ƙaddamar da ita a kan albashin injiniyan da zai zauna da ita, ga shi ƙwararrun wannan fanni bankuna da ƙasashen waje na zawarcinsu. Lokacin da ma'aikatu za su zo kare kasafinsu gaban kwamitocin Majalisar Tarayya, 'yan majalisa na iya neman kowane babban sakatare ya kawo adadin asusun da ke iya shiga rumbun ma'aikatarsa daga waje, da nawa ne a cikinsu ke da mataki na biyu na tantancewa, da ranar ƙarshe da aka gwada dawo da kwafin ajiya.